Jifan kare ba ibada ba ne: magana ga 'yan uwana ɗaliban Arewa

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman mu da muke makaranta ɗaya. Rubutun yana da ɗan tsawo. A daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Tun farkon makon nan ake ta juya maganar karnukan da ke bayan hostel ɗin maza, ta gefen masallaci. Wasu daga cikinmu sun kawo shawarar a yi karo-karo a sayo fiya-fiya ko shinkafar ɓera, a cuɗa da ragowar abinci a ajiye musu kafin Juma'a, kowa ya huta. An ce najasa ne. An ce suna hana mala'iku kusantar wurin. An ce wata rana za su ciji wani. To ni dai ban yarda da wannan shawara ba ko kaɗan, kuma ga ni da sunana ina faɗa a fili. Ƙin jinin kare da muka taso da shi al'ada ce muka ɗinka mata rigar addini. Idan kuma tsoron cizo ne ya dame mu da gaske, guba ita ce mafi munin hanyar da za mu bi.

Mu fara da bakinmu. Idan Bahaushe zai ci mutuncin mutum sai ya ce masa ɗan kare. Wanda ake turawa ya yi ɓarna, karen farauta ne. Yaron da ke wahala a bayan babbar mota, karen mota ne. A lungunanmu kuwa, da zarar kare ya gifta za ka ga yara sun sunkuya neman dutse, manya na zaune a dakali suna dariya. Ina tambaya: a wane aji na islamiyya aka koyar da wannan? Wane malamin zaure ne ya taɓa biya wa ɗalibinsa babin jifan kare? Babu. A titi aka koya, yaro ya gani wajen yayansa, shi ma ya gani wajen nasa yayan. Da muka girma muka shigo jami'a, maimakon mu tuhumi wannan ɗabi'a, sai muka shiga nema mata hujja.

To mu je ga hujjar. Yawancinmu da littattafan Malikiyya muka tashi, Ahalari da Ishmawi da Risala. A mazhabar Imam Malik, duk dabba mai rai tana da tsarki, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sa baki a ciki, Malikiyya suna ɗaukarsa bauta ce da bin umarni, ba don bakin nasa najasa ne ba. Dalilin Imam Malik ma a bayyane yake: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta mana cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, kuma kare da bakinsa yake kamawa. Ta yaya za a ci abin da ya kamo sannan a ce yawunsa najasa ne? A Sahihul Bukhari akwai ruwayar Abdullahi ɗan Umar da ke nuna cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) karnuka suna shiga masallaci suna fita, ba a bin wurin da yayyafa ruwa. Na san Shafi'iyya suna ganin kare najasa ne mai kauri, Hanafiyya kuma suna ganin yawunsa ne najasa. Wanda ya zaɓi wannan fahimta, ba ni da ja da shi. Amma malam, ko a wajensu hukuncin najasa shi ne a wanke. Kashin jariri ma najasa ne, ba mu taɓa jin an ce a jefi jaririn ba.

Kada wani ya ce na ɗauko abin da ya yi mini daɗi na bar sauran. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ingantacce ne. Hadisin da ya ce ladan mutum yana raguwa kullum idan ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, shi ma ingantacce ne. Na yarda da su ɗari bisa ɗari, shi ya sa ba za ka taɓa jin na ce wani ya kwana da kare a gado ko ya riƙa sumbatarsa irin na finafinan Turawa ba. Amma ku lura da abin da waɗannan hadisai suke magana a kai: riƙe kare a gida. Sun yi wa mai riƙewa iyaka ne. Ba su ba mai wucewa lasisin azabtarwa ba. Su kansu hadisan sun ware mafarauci da makiyayi da manomi, malamai da yawa kuma suka yi ƙiyasin gadin gida a kai. Ana ma ruwaito cewa mai Risala da kansa, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma zai ajiye.

Haka nan maganar kisa. Gaskiya ne an taɓa ba da umarnin kashe karnuka a Madina, kuma a Sahihu Muslim ya zo cewa daga baya an janye shi, aka bar togaciya ƙarama. Malamai sun yi saɓani a kan abin da ya rage na hukuncin, har a cikin mazhabarmu akwai masu ganin halaccin kashe karen da ba a yi izinin riƙe shi ba. Amma Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya zaɓi cewa kada a kashe kare matuƙar bai cutar da kowa ba, Imam Nawawi ma a kan haka yake. Kare mai cizo kuwa, ko mahaukacin kare, babu gardama a kansa, shari'a ta ba da damar a kashe shi. Sai dai ko a nan, addinin da ya umarce ka ka wasa wuƙa don kada ragon layya ya wahala, shi ne zai yarda ka ba dabba abin da zai sa ta yi ta birgima tana kumfa tana shure-shure har ta mutu? Haba jama'a.

Mu da muke karanta Suratul Kahfi duk Juma'a, muna bi ta kan aya ta 18 inda aka ambaci karen samarin nan kwance a bakin kogo tare da su. Mun haddace labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa, labarin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. Mun san na karuwar Bani Isra'ila da aka gafarta mata saboda irin wannan aiki. Mun san na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Idan ustaz ya kawo su a wa'azi sai mu girgiza kai mu ce Allahu Akbar. Mu fito daga masallacin, mu ga kare a bakin famfo yana lasar ruwan da ya zuba, mu nemi dutse. Wallahi akwai gyara a lamarinmu.

Bari in gaya muku yadda aka yi na san waɗannan karnuka, don wasunku sababbin zuwa ne. Bara da damina, bayan wani ruwa irin na Kudu da ya kwana yana zuba, aka wayi gari wata karya ta faɗa lambatun bayan hostel. Ƙafarta ta baya a karye, ga alamar jifa a haƙarƙarinta, ruwa ya kusa kai mata wuya. Mutane suna leƙawa suna wucewa. Mu uku muka fito da ita: ni, da Baba mai gadin ƙofar baya, wanda duk kun san shi, dattijo ɗan Arewa da ya tashi cikin kiwo, da wata ɗalibar likitancin dabbobi 'yar nan Kudu. Baba ne ya san dabarar. Ya ɗaure mata baki da tsumma don kada zafin ciwo ya sa ta kai cizo, muka zura buhu ta ƙarƙashinta muka ɗago. Ɗalibar ta ɗaure ƙafar, bayan ta warware kuma ta yi mana hanya aka yi mata allurar rigakafi a asibitin dabbobi. Baba ya sa mata suna Damina.

Ban taɓa shigar da ita ɗakina ba, ba ta taɓa taka dardumata ba. A gefen rumfar Baba take kwana, abincinta ragowar da masu sayar da abinci ke zubarwa. Amma na shaƙu da ita, ba na jin kunyar faɗa, kuma na koyi abubuwa a zama da ita da ban same su a lakca ba.

Na farko, har ta mutu, idan mutum ya sunkuya a gabanta, ko da igiyar takalmi zai ɗaure, sai ta zabura ta gudu. Ba a haife ta da wannan ba. Mu 'yan Adam muka koya mata cewa sunkuyawar mutum tana nufin dutse na tafe. Daga nan na gane cewa yawancin abin da muke kira muguntar kare tsoro ne da muka shuka masa. Dabbar da kullum ake kora, ranar da ta rasa hanyar gudu za ta juyo. Mai jifa ya wuce abinsa, yaron da ya biyo baya shi zai sha cizon. Kuma ku duba, haka abin yake ga mutane. Almajirin da kowa ke daka wa tsawa, ɗan aikin da kowa ke hantara, mun san abin da suke zama.

Na biyu, riƙon amana. Lokacin da nake rubuta kundin bincikena, sau da yawa sai bayan sha biyun dare nake baro laburare. Hanyar baya duhu ne, kun san yadda take idan an ɗauke wuta. Damina za ta tso daga rumfar Baba ta biyo ni a baya, tazarar 'yan taku, har ƙofar hostel, sannan ta juya. Ba na riƙe da komai a hannu da zan ba ta. 'Yan tsohon bulo kuma za su tuna daren da haushinta ya tashe su, aka tarar an fara yanke ragar taga ana neman zaro wayoyi da kwamfutoci. Waɗanda aka ceci kayansu a daren nan, wasunsu suna cikin masu cewa a sayo guba yau. Alherin rana ɗaya aka yi mata a bakin lambatu, ta yi ta biya har ƙarshen rayuwarta. Mu nawa ne a cikinmu muke haka da waɗanda suka taimake mu?

Na uku daga bakin Baba na ji shi. Wata rana ya kama wani yaro yana jifanta, bai dake shi ba, ya dai kore shi. Ya juyo ya ce mini: "Ɗana, dabba ba ta da bakin kai ƙara wajen hukuma, shi ya sa ƙararta take tafiya kai tsaye wajen Allah." Tun daga ranar nake auna mutum da yadda yake yi wa abin da ba zai iya ramawa ba. Kowa yana da ladabi a gaban malamin da ke duba kundinsa. Halin mutum na gaskiya yana fitowa ne inda babu maki, babu shaida, babu ramuwa.

A hutun da ya wuce aka tsinci Damina a bakin bola, bakinta duk kumfa. Wani ya ajiye abinci mai guba. Ba ita kaɗai ta ci ba, har da kyanwoyi biyu da kajin Baba. Ba zan ɗora wa kowa ba, akwai ranar hisabi. Amma ku dubi abin da ya biyo baya, don a nan hujjata take. Lokacin da take raye, ita da 'ya'yanta biyu ne ke riƙe da bayan hostel, duk an yi musu allura, duk sun san mu, kuma ba sa barin baƙon kare ya zauna. Ba a yi wata biyu da mutuwarta ba sai ga baƙin karnuka daga cikin gari sun cika wurin, ba wanda ya taɓa yi musu allura. Su ne waɗanda ake kuka da su yanzu. Wato gubar farko ce ta haifar mana da matsalar da ake son a magance da guba ta biyu.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san harkar. Bola ce ke kiran kare. Matuƙar muna watsar da ragowar shinkafa da ƙashi a bayan taga, ko ka kashe goma yau wasu goman za su maye gurbinsu. Tsoron ciwon haukan kare kuma tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma ita wannan hukumar ce ta ce kashe karnuka barkatai ba ya kawar da cutar. Abin da ke karya ta shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allurar rigakafi. Da wannan hanya ƙasar Meziko ta bi, har a 2019 hukumar ta tabbatar da cewa ta kawar da cutar da mutane ke ɗauka daga kare. Allurar ma ba sai an je Turai ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta. Karen da aka yi wa allura katanga ne tsakaninka da wanda ba a yi wa ba. Ka kashe shi, ka rushe katangarka da hannunka.

Tun da an zo nan, ga abin da ya kamata kowannenmu ya riƙe, ya kuma gaya wa na gida. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar don a fara allura. Kada a tsaya shafa toka ko barkono, kada a tsaya neman gashin karen, kada a ce bari a ga abin da hali zai yi. Wannan ilimin ya fi gwangwanin fiya-fiya amfani ga ƙannenmu da ke ƙauye.

Na san amsoshin da za su biyo baya, bari in tare su tun yanzu. Wani zai ce: mutane na mutuwa a Zamfara da Katsina da Borno, kai kana maganar kare. Ɗan uwa, ni ma daga can na fito, kuma ba na barci idan waya ta yi ƙara da dare. Amma tausayi ba kuɗin aljihu ba ne da za a ce idan ka kashe a nan ya ƙare a can. Ni ban taɓa ganin wanda jifan kare ya ƙara masa tausayin ɗan gudun hijira ba. Yaron da ya saba jin kukan dabba yana dariya, zuciyarsa ce ke yin kanta, kuma da wannan zuciyar zai girma ya zauna da matarsa da maƙwabcinsa.

Wani zai ce: ai wasu ma cinye su suke yi, ka je ka yi musu wa'azi. Sai in ce laifin wani bai taɓa zama hujjar wani ba, kuma mu da muke cewa an aiko Annabinmu rahama ga talikai, ma'auninmu daban ne. Wata tambaya da ɗalibar nan ta yi mini ranar da muka fito da Damina har yau tana ci mini rai. Ta ga alamar jifan, ta tambaye ni cikin natsuwa ko addininmu ne ya umarce mu da haka. Ba da izgili ta yi ba, so take ta sani. 'Yan uwa, a nan mu tsiraru ne. Abokan karatunmu da yawa ba za su taɓa buɗe Bukhari ba, mu suke karantawa. Idan aka wayi gari ranar Juma'a gawarwakin karnuka zube a gefen masallacin ɗalibai, wace lakcar da'awa ce za ta goge wannan hoto? Ban da haka ma, sashe na 495 na kundin Criminal Code ya mai da zaluntar dabba laifi, kuma ajiye guba a filin makaranta, inda 'ya'yan ma'aikata ke wasa, abu ne da zai iya jawo wa mutum kora ko abin da ya fi kora.

Wani kuma zai ce na zama Bature. To kakanninmu mafarauta da suke fita daji da karnukansu, da Fulanin da kare ke tsare musu garke, da manomin da kare ke kore masa biri daga gona, su ma Turawa ne? Bahaushen da ya ce ba a kiwon kare ranar farauta, ai ya san ana kiwonsa ne, ana ciyar da shi, ana kula da shi tun kafin ranar buƙata.

Ga abin da nake roƙon shugabanninmu su sa a gaba a zaman da za a yi. Kuɗin da aka fara tarawa na guba a juya shi zuwa allura. Mu rubuta wa sashen likitancin dabbobi takarda da sunan ɗaliban Arewa, mu nemi su zo su duba karnukan, a yi wa masu lafiya allura, a yi musu aikin hana haihuwa idan da hali. Wanda suka ga yana da alamar cuta ko yana kai wa mutane hari, su ɗauke shi su yi abin da ya dace ta hanyar da ba azaba. Mu nemi hukumar makaranta ta kawo mazubin shara mai murfi, mu kuma mu daina watso abinci ta taga. A gyara katangar harabar masallaci a sa ƙyaure, a riƙa rufe randuna da butocin alwala, wanda ke bin fahimtar najasa hankalinsa ya kwanta. A ajiye tsohuwar roba da ruwa can nesa, kusa da rumfar Baba, don su daina zuwa famfonmu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, me zai hana mu ma mu shirya wayar da kai a ranar, da Hausa, mu tura gida?

Ba na neman kowa ya so kare. Wanda ke tsoro ya kauce, wanda ke ƙyama ya wanke hannunsa, duk babu laifi. Abu ɗaya nake nema: kada a cuce su, kuma kada a jingina cutar ga Allah da Manzonsa. Wanda ke da aya ko hadisi ko maganar wani malami da ta halatta a sa wa dabbar da ba ta cuci kowa ba guba ta mutu a wahalce, ya kawo, za mu zauna mu karanta tare. Idan babu, to a mayar wa kowa kuɗinsa ko a sayi allura. Ni na sa nawa a na allura, kuma zan raka duk wanda za a tura sashen likitancin dabbobi.

Allah ya sa mu gama karatunmu lafiya, ya mayar da mu gida da ilimi mai amfani da zuciya mai taushi.